Gajere Ba Ya Sallama

Manchester,
6 ga Fabrairu, 1989.

Zuwa ga taubashina Mati,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Sakinatu da yara. Yaya ƙarfin jiki? Inna ta sa an rubuto mini cewa ciwon bayan ya lafa, amma ƙafafun har yanzu shiru. Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiya lau nake, sai sanyi da karatun injinan saƙa da ya ƙi ƙarewa.

Wasiƙa uku na aiko maka tun da babur ya kayar da kai a hanyar Dandume, ko ɗaya ba ka amsa ba. To na samo dabarar da za ta buɗe bakinka. Kayode, ɗan Lamidi mai shagon rediyo a Funtua, zai taho gida, na ba shi saƙo ya kawo maka. Na'urar wasa ce ta hannu, ba ta fi littafin aljihu girma ba, tana cin batir huɗu. Akwai ƙananan kaset biyu da ake cusa mata ta baya. A na farkon, wani ɗan gajeren mutum ne ke gudu yana tsallake ramuka. Na biyun sabon fitowa ne: shi dai gajeren ne, amma an ba shi labari, yana yawo gari gari yana magana da mutane da Turanci. Na buga shi har ƙarshe kafin in naɗe maka.

Abin da nake so, ka buga, sannan ka rubuto mini hukuncinka yadda kake rubuta rahoto lokacin da kake malamin gona: abin da ya yi kyau, abin da ya ɓaci, da ko ya cancanci a saya. Na san halinka, ba ka iya ganin abu ka wuce ba ka kushe shi ba.

Sai magana ɗaya. Alhaji Maitama ya je wa Inna a kan gonar bakin rafi, yana so a ba shi aronta shekara biyar ya sa tarakta. Ka san kashi ɗaya cikin uku nata ne na gadon Kaka, biyu naka ta wajen mahaifinka, kuma ba a taɓa rabawa ba tun da kai ke nomawa. Yanzu da hali ya canja, ka yi tunani a kai.

Naka,
Abdussamad.


Danja,
12 ga Maris, 1989.

Zuwa ga ɗan Gwaggo Hansai, bawana Abdussamad,

Wa alaikumus salamu. Saƙo ya iso, Kayode da kansa ya kawo har zaure. Muna lafiya, Sakinatu na gaishe ka. Ƙafafu suna nan inda ka san su, ba su je ko'ina ba.

Da na kunna kaset na farko, na yi dariyar da ban yi ba tun ranar da aka kwaso ni daga bakin hanya. Duk faɗin Ingila ka rasa abin da za ka aiko wa gurgu sai wasan tsalle? Da ba taubashina ba ne kai, da sai a gaban alƙali. Amma gaskiya ɗaya ce, wasan ya yi. Na raɗa wa mutumin suna Gajere. Gudu, tsalle, rami. Ka yi kuskure ka faɗa, a mayar da kai farko. Ba ha'inci a cikinsa. Kwana huɗu na gama da shi.

Na biyun ne ke da magana. To ga rahoto.

Abin da ya yi kyau: sun zaunar da Gajere sun ba shi hankali, ya bar tsalle-tsallen banza. An ce wani dodo ya toshe idon ruwan garinsu, rijiyoyi sun ƙafe, shi ne zai je ya buɗe. Wannan labari ne da manomi zai ajiye fartanya ya saurara. Faɗan ma ya burge ni, don irin na sharo ne: ka doka ka tsaya, a doke ka a tsaya, a tsakani kana da damar yin tunani. Mai dabara ke ci, ba mai saurin yatsa ba. Kuma ba shi kaɗai yake tafiya ba, har na samu wani ƙato mai garkuwa ya biyo ni.

Abin da ya ɓaci: gilashin launin miyar kuka ne, in ba a bakin ƙofa ka zauna ba, ba abin da za ka gani. Kiɗan kamar sauro ya shiga kunne. Cin batir kuwa, Lamidi har ya fara aiko mini da gaisuwa ta musamman. Mutanen garin kowa magana ɗaya ya iya, ka dawo sau goma ita zai maimaita maka.

Babban laifin dai, Gajere ba shi da tarbiyya. Ba ya sallama. Ka nufi ƙofar mutane da shi, sai kawai ya faɗa ciki, mai gida na zaune, matar gida na tsaye. Wata rana na taɓa maɓalli bisa kuskure a gaban wata tukunya, sai ga shi ya zura hannu ya ɗauke magani ya jefa aljihu, masu gida na kallo ba wanda ya ce uffan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na kashe na'urar na sake daga farko. Tun daga ranar, in za mu shiga gida sai in tsayar da shi a bakin ƙofa in yi masa sallamar da bakina, Sakinatu na ta yi mini dariya. Tukunyar kowa kuma ban ƙara taɓawa ba.

Yanzu na maƙale. Akwai gada mai ƙofa a kulle, na zagaye garin kaf ban ga mabuɗi ba. Gida ɗaya ne kusa da ita, na wata tsohuwa mai tukunya a gefen gado, ita kuma kullum abin da take faɗa shi ne ƙafarta na ciwo. Na ce mata, ni ma haka, Tsohuwa.

Maganar gona gajeriya ce: a'a. Shekara goma sha ɗaya ina malamin gona, ban taɓa ganin gonar da aka ba mai tarakta aron shekara biyar ta dawo da iyakarta ba. Tarakta ba ta san gambar kan iyaka ba. Ƙafa babur ya karɓe mini, bai karɓi kai ba. Bana auduga zan sa a tudun, masara a kwarin.

Ubangidanka,
Mati.


Manchester,
2 ga Afrilu, 1989.

Zuwa ga Mati,

Gaisuwa da fatan alheri. Alhamdu lillahi, kurma ya yi magana! Na karanta rahotonka sau uku, na fassara wa abokan zamana wurin sallamar, ɗaya har da hawaye don dariya. Ina lafiya, sai mura kaɗan.

Haba malamin gona! Wasa ne fa. Mutanen ciki ba mutane ba ne, zane ne. Tukwanen don a buɗe aka ajiye su, haka tsarin yake. Mabuɗin gadar da kake nema yana cikin tukunyar tsohuwar nan. Ka shiga, ka ɗauka, ka wuce, ba abin da za ta ce. Ni haka na yi. In ka tsaya jiran ta ba ka izini, za ka tsufa a bakin gada.

Game da gona, na ji ka, kuma na san zafin zuciya ne ya yi magana. Amma ba da kai ake huɗa ba, ba da kai ake noma ba. Wa zai shiga kunyoyin gona? Sakinatu? Yaranka babban cikinsu bai kai na riƙon garma ba. Da gonar ta zauna saura, ba noma, shekara guda, gara a ce tana hannun Alhaji ana ba ku amfani. Inna ma hankalinta ya fi kwanciya da haka.

Ga yadda za mu yi don kada damina ta same mu muna gardama. In kana da tsayayyen shiri, da sunayen waɗanda za su yi aikin, ka rubuto mini kafin ƙarshen watan nan. In ban ji daga gare ka ba, zan ɗauka ka sake tunani ka haƙura, kuma kunyar faɗa ce ta hana ka. Sai in rubuta wa Alhaji a madadinmu duka, in rage maka nauyin.

Ka gai da Sakinatu. Ka ɗauki mabuɗin nan don Allah.

Abdussamad.


Danja,
21 ga Mayu, 1989.

Abdussamad,

Lafiyarmu ƙalau, in lafiyar ce ta dame ka.

Wasiƙarka ta biyu ga Afrilu shekaranjiya ta zo hannuna. Ka san ta akwatin Lamidi na gidan waya saƙona ke biyowa. Lamidi ya tafi garinsu bikin ɗiyar wansa da mabuɗin akwatin a aljihu, mako shida bai dawo ba. Ina nan ban san an ɗebar mini wa'adi ba, kai kana can kana ƙirga kwana, har shiruna ya zama amincewa. Kafin wasiƙarka ta iso, taraktarka ta riga ta.

Bari in ba ka labari, tun da kana son rahoto. Ranar Talata da hantsi, bayan ruwa na biyu, Manu maƙwabcina mai shanun huɗa ya shigo yana haki ya ce, "Malam, tarakta na cikin gonarka, har ta ci layi biyu." Na ce ya ɗauro amalanke. Shi da Sakinatu suka ɗora ni, muka tafi. Da muka isa, na tarar ta tumɓuke gambar da Kaka ya dasa da hannunsa tsakaninmu da Manu, taku wajen arba'in. Na ce a shimfiɗa mini tabarma a gaban hancin taraktar, a ajiye ni a kai. Aka ajiye ni.

Direba ya yi ta hura ƙaho. Na ciro Gajere daga aljihu na kunna. Can sai ga Alhaji Maitama ya iso, ya fito da takarda mai rubutunka, wai kai da Gwaggo da ni duk mun yarda. Ya ce, "Malam Mati, wannan ai abin kunya ne. Tashi mu yi magana ta manya."

Na ce, "Alhaji, da ina iya tashi ai da ba ka zo ba."

Ya ce, "Ga takarda daga ɗan'uwanka."

Na ce, "Ɗan'uwana yana Ingila, gona tana Danja, ni ina kanta. In takardar na da ƙafa, ta zo ta ɗauke ni."

Mutane suka fara taruwa daga gonakin kusa, suka jingina da fartanyoyinsu suna kallo. Nan na yi azahar da taimama, nan na yi la'asar. Rana ta gasa ni har leɓena ya tsage. Direban haya ne, akwai wata gonar na jiransa, da ya ga ba ranar tashina sai ya juya. Alhaji ya ce zai dawo. Na ce zai same ni.

Yanzu na gane abin da na'urar nan take. Abin wasa ka miƙo mini, irin wanda ake ba yaron da za a yaye, in shagala da tsalle-tsalle ku kuma ku gama shawara a kaina. Ashe a wurin Gajere ka yi karatu, ba a makarantar saƙa ba: ka shiga, ka ɗauka, ka wuce, ba abin da zai ce. To ni ba zane ba ne. Wannan ya yi mini ciwo fiye da ranar da likita ya gaya mini maganar ƙafafuna, don shi likita bai taɓa cin tuwo a kwano ɗaya da ni ba.

Na aika wa Gwaggo cewa duk mai son rabonsa a gonar nan ya zo ya nuna shi da ƙafarsa. Tukunyar tsohuwa kuma ba zan buɗe ba, ko da Gajere zai mutu a bakin gada.

Mati.


Manchester,
11 ga Yuni, 1989.

Zuwa ga Mati,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta hana ni cin abinci yini guda. Yaya jikin bayan wannan zaman rana? Don Allah kada ka sake yi wa bayanka haka.

Na yi laifi, ba zan kewaya ba. Bai kamata in mai da shirunka magana ba, kuma bai kamata in sa sunanka a takardar da ba ka gani ba. Na rubuta wa Alhaji na janye abin da na faɗa a madadinka. Amma wallahi na'urar ba yaye ba ce. Wata takwas ba ka ce mini komai ba, na ji tsoron ka bar duniya kana cikinta, ita ce kaɗai dabarar da na samu.

Sai dai tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, ga tawa. Saƙon da ka aika wa Inna ya sa ta kuka. Mace mai shekara sittin da bakwai, ƙanwar mahaifinka, ka ce ta zo ta nuna rabonta da ƙafarta? Kana ta faɗan Gajere ba ya sallama. Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Kawu kana noma kason Inna. Sau nawa ka je ka durƙusa ka ce, Gwaggo, bana ma zan noma? Ko sau ɗaya. Dami kake aika mata ta hannun mutane, yawan da ka ga dama. Ba ta taɓa cewa uffan ba, sai ka ɗauka ita ma magana ɗaya ta iya. Kasonta nata ne har gobe, ni ba ni da ikon janye shi, kuma Alhaji bai bar zuwa gaishe ta ba.

Tambayata kuma tana nan ba ka amsa ba: wa zai yi aikin? In gayya kake tunani, ka fi ni sanin gayya ramuwa ce. Da me za ka rama?

Ɗan'uwanka duk da haka,
Abdussamad.


Danja,
30 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga Abdussamad,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, ruwa na sauka yadda ake so. Ciwon bayan ya yi mini tsiya mako biyu bayan zaman tabarma, yanzu ya saki. Kada ka ɗauka jinkirin amsar nan wata amincewa ce, aiki ne ya riƙe ni.

Wasiƙarka kwana uku ina zaginta. Na karanta wa Sakinatu don ta taya ni, sai ta ci gaba da tankaɗenta ta ce, "Wurin Gwaggo dai bai yi ƙarya ba." Na yi fushi da ita ita ma. Gida ya yi mini ƙunci, na koma bakin ƙofa wurin Gajere.

Ga ci gaban rahoto, kuma ka buɗe kunne, don akwai abin da ba ka sani ba a wasan da ka ce ka gama. Ina tsaye gaban tsohuwar nan, ta sake cewa ƙafarta na ciwo, karo na ɗari. Sai na ce a raina, wai shin ni tun watan Maris nake jin maganar nan, me na taɓa yi a kai? Na koma kasuwar garin, na sayi magani da ladan da Gajere ya samu a faɗa, na dawo, na yi sallama, na lalubo wurin da ake miƙa abu, na miƙa mata. Abdussamad, tsohuwa ta canja magana! Ta ce matafiya da yawa sun shigo ɗakinta, kowa tukunya yake kallo. Ta buɗe da hannunta ta ba ni mabuɗi. Ba ta tsaya nan ba, ta ɗauki sandarta ta biyo mu, kuma ita ce ke warkar da mu in an ji mana rauni a faɗa. Kai da ka sace mabuɗin, haka ka tafi ba mai magani. Na tabbata ka sha wuya kafin ka gama wasan.

Washegari na sa Manu ya kai ni unguwar su Gwaggo. Aka ajiye ni a zaure. Na yi sallama, ina jin motsin tsintsiyarta a tsakar gida, ba ta amsa ba. Na yi ta biyu, na yi ta uku. Sallama ba ta wuce uku, na ce Manu ya mayar da ni. Kashegari haka, wanshekare haka. Manu ya ce shanunsa sun haddace hanya. Ran na huɗu, ina yin ta biyu sai na ji muryarta.

"Wane ne?"

"Mati ne, Gwaggo."

"Wane Matin? Mai gona?"

"Mai kashi biyu cikin uku, Gwaggo. Na zo roƙon na ukun."

Ta daɗe kafin ta fito. Ta zauna a dokin ƙofa ta dube ni, ta dubi ƙafafun, ta kawar da kai. Na ba ta haƙuri a kan saƙon da na aika, da shekara goma sha huɗun. Ta ce, "Kai kana tsammani Maitama nake so? Tun yana yaro ban yarda da idonsa ba. Amma shi ya zo, ya cire takalmi, ya tambaya. Tun da ubanka ya rasu ba wanda ya ƙara tambayata komai a kan ƙasar ubana."

Na ce ta ba ni aron shekara biyar ɗin da za ta ba shi. Ta ce ko kusa. Ta ce shekara ɗaya ɗaya za ta riƙa ba ni, kowace shekara kafin ruwan farko in zo zauren nan da kaina in tambaya, shekarar da ban zo ba ta ba wanda ya zo. Na so in yi gardama, na tuna wanda ya haife ta shi ya haifi ubana. Na ce na yarda.

Saura tambayarka, da me zan rama gayya. Na bi gida gida a kan amalanke, gida ashirin da shida, kowanne da sallama. Na ce musu kunyar gona ba zan iya shiga ba, amma wa ke karanta musu rubutun jikin gwangwanin maganin feshi tun da aka ɗauke malamin gona daga yankin nan? Bara rabinsu sun ƙona audugarsu da yawan magani, rabi sun yi wa tsutsa wanka da ruwa. Na ce duk wanda ya ba ni yini guda, ni zan auna masa magani da taki damina guda, in kuma gyara masa injin feshi in ya tsaya. Mutum ashirin da uku suka zo, har da mai gangar noma. Ina kan tabarma a gindin tsamiya ina nuna layi da kara. Da suka kai bakin rafi na juya fuska, don ba na so Manu ya ga idona.

Kada ka yi saurin taya ni murna. Rigimar nan ta ci mana lokaci, audugar ta makara da mako biyu, masarar kwari kuma ruwa ya kwanta mata. Amma gona a nome take, kuma ni na noma ta.

Mati.


Manchester,
8 ga Oktoba, 1989.

Zuwa ga ubangidana Mati,

Gaisuwa irin ta bawa ga mai shi. Ina lafiya, jarrabawar ƙarshe ta matso.

Ban yarda da maganar tsohuwa ba sai da na ari na'urar wani abokina na gwada. Na saya mata magani, ta miƙe ta biyo ni. Na zauna ina kallon gilashin kamar wawa. Mu huɗu muka gama wasan nan a gidanmu, ba wanda ya san tana tafiya.

Inna ta sa an rubuto mini cewa kana zuwa gaishe ta duk Juma'a, wai har ka dame ta. Daga yadda aka rubuta na san tana murmushi.

Ina dawowa gida ƙarshen Disamba in Allah ya so. Ina so in ga gonar, in ka yarda. Kuma har yanzu kana riƙe da ƙarshen rahotonka: a saya ko kada a saya?

Abdussamad.


Danja,
3 ga Disamba, 1989.

Zuwa ga ɗan Gwaggo,

Wa alaika gaisuwa. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Kowa lafiya, Sakinatu ta ce ka taho mata da zaren saƙa tun da shi ka je koyo.

Na gama wasan tun watan jiya. Dodon ƙarshe ya kayar da ni sau shida, a na bakwai tsohuwa ce ta tsayar da mu da rai har muka fasa dutsen da ya toshe idon ruwan da shi, ruwa ya ɓalle. Ga hukunci. Gilashin bai gyaru ba, kiɗan har yanzu sauro ne, kuma da muka dawo gari da ruwa a rijiyoyi, wani mutum a bakin kasuwa yana nan yana gaya mini rijiyoyi sun ƙafe. Wannan sakaci ne, a gaya wa masu shi. Na farkon ya fi daɗin hannu, na biyun ya fi zama a rai. Laifinsa ɗaya da ban yafe ba: ɓarawo da mai tambaya duk gada ɗaya suke hayewa, ba a ko harari ɓarawon. Amma wanda ya tsara shi ya ɓoye ƙofa ta biyu don mai haƙuri, saboda haka na san ya taɓa zama da kakarsa. A saya. Sai dai a ba wanda ya riga ya koyi sallama a gida, don Gajere ba zai koya masa ba.

Gona kuma, masarar kwari rabi muka samu. Audugar tudu ta yi kyau fiye da yadda makararriya ta cancanta, muna cira ta biyu. Kason Gwaggo ni na kai mata da kaina, na ce ta duba ta faɗi in bai yi mata ba. Ta sa aka juye buhu ɗaya a tabarma ta bincika har ƙasa, wai ko na sa dutse. Alhaji Maitama ya riga ya je mata maganar baɗi. Ta ce masa ruwan farko da saura, a jira a ga wa zai zo. Zan zo, ko da a ka za a ɗauko ni.

Ka ce kana son ganin gona in na yarda. Wannan ne karo na farko da ka tambayi izinina a shekarar nan, saboda haka na yarda. Amma ka zo da tsofaffin kaya. Wurin da taraktarka ta tumɓuke gambar Kaka yana nan fili, taku arba'in, na hana kowa ya taɓa. Akwai saiwa a bakin rafi, akwai tulu, rani ne, sai ka yi ta ban ruwa har ta kama.

Za ka same ni a gindin tsamiya. Ka tsaya a kan iyaka ka yi sallama da ƙarfi. Ta farko ba zan ji ba. Ta biyu ina aiki. Ta uku zan amsa, kuma ka gode wa Allah, don ni uwarka kwana huɗu ta shanya ni a zaure.

Ubangidanka,
Mati.